Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kano Kan Gawayin Da Ake Curawa Daga Ragowar Amfanin Gona

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni ɗaya ne cikin masu ƙaramar sana'ar cura gawayi daga totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa, wanda a rediyo ake ce wa gawayin zamani. Na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a ne don ba ma'aikatarka kaɗai ta shafa ba. Ta shafi ƙungiyoyin da ke koyar da sana'ar, da malaman jami'a masu bincike a kanta, da dillalan gawayi, da uwargidan da za ta zuba shi a kurfoti ta ɗora tukunya.

Ba a cika wata biyu ba a ji sanarwar cewa wata ƙungiya ta horar da mata da matasa yadda ake mayar da shara gawayi ba. A yi kwana uku a ɗakin taro, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto kowa riƙe da dunƙulen gawayi a tafin hannu, a watse. Amma in mutum ya bi masu sayar da gawayi na cikin unguwanni, da wuya ya tarar da ko ƙulli ɗaya na irin wannan a gabansu. To ina waɗanda aka horar suka shiga? Koyon curin ba shi ne wahalar ba, yaro mai hankali zai iya shi a wuni guda. Abin da ke karya mai sana'ar yana zuwa ne bayan an tashi daga taro: kuɗin sitacin da za a haɗa, da yawan toka, da wurin shanya, da samun wanda zai saya ya kuma dawo gobe. A nan ne hannun hukuma zai yi amfani, kuma a kan wannan nake so mu yi magana.

Ba sai na gaya maka halin da girki yake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, cika tukunyar gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kananzir kuwa tuni ya zama na masu hali. An jingine silinda a lungu, kurfoti ya dawo tsakar gida. Kowace tirelar gawayi da ke shigowa birni kuwa wani daji ne aka kwantar, ko da ba a jiharmu yake ba. A ƙonawar gargajiya, inda ake jera itace a binne shi da ƙasa, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Masu ƙonawar kuma ba kowace bishiya suke so ba. Kirya da marke da kaɗanya suke bi, masu nauyin itace, waɗanda in aka sare su yau wanda ya sare ba zai ga madadinsu sun girma ba. Kano tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin katangar bishiyoyi na Tarayyar Afirka ya shafa, shirin da aka amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Muna dasa ƙananan itatuwa da hannun dama, muna girki da manya da hannun hagu.

Maƙwabtanmu irin su Bauchi da Jigawa sun sanar da hana sare itatuwa don yin gawayi. A Uganda ma shugaban ƙasa ya haramta kasuwancinsa a arewacin ƙasar a 2023. Ban ga laifin niyyar ba, sai dai doka ba ta dafa tuwo. In aka hana ba a tanadar wa mutane abin da za su hura ba, kuɗin buhu ne zai tashi, motocin kuma su koma tafiyar dare. Duk ranar da Kano za ta tsananta nata matakin, ina roƙon a tabbatar madadin ya riga dokar isa kasuwa.

Bari in ɗan bayyana yadda aikin yake, domin duk roƙon da zan yi daga cikinsa ya fito.

Ana samun durom na ƙarfe mai cin lita 200, a huda gindinsa wuri biyar ko shida, a yanke baki a sama a yi masa murfi. A ɗora shi a kan duwatsu uku don iska ta samu hanya, a cika shi da busasshiyar totuwa, a kunna wuta ta ƙasa. Da farko hayaƙin fari ne mai kauri, laimar cikin totuwar ce ke fita. Daga nan ya koma rawaya-rawaya mai yaji a ido. In ya yi siriri har kana hango abin da ke bayansa, lokaci ya yi: a rufe murfi, a zare duwatsun durom ya zauna a ƙasa, a bi gindinsa da bakin murfin da jiƙaƙƙiyar ƙasa a toshe duk wata kafa. Gwanintar duka tana cikin waɗannan 'yan mintoci. Ka yi gaggawa, ka tarar da totuwa ja-ja a tsakiya ba ta ƙone ba, ita ce za ta cika wa mai girki kicin da hayaƙi. Ka yi jinkiri, ka buɗe ka tarar da farar toka. In an dace, abin da ake samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da aka zuba ba. Za ka ɗauki totuwa baƙa wuluk, ba ta da nauyi ko kaɗan, ka karya ta ta ɓalle ƙas, ciki da waje launi ɗaya.

Sai daka da tankaɗe. Shi kuwa garin gawayi ba ya kama kansa. Ko da inji ka matse shi, yana bushewa zai wargaje, don wuta ta riga ta cinye abin da ke riƙe da shi. Shi ya sa ake neman sitaci. Ana kwaɓa shi da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa ana juyawa kamar damun koko, har ya bar fari ya koma garai-garai mai yauƙi. Sitacin rogo ba ya fara kamawa sai zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, saboda haka wanda aka barbaɗa ɗanye asarar kuɗi ce kawai. Ma'aunin da aka saba shi ne kilo 5 zuwa 10 na sitaci a kan kilo 100 na garin gawayi. A cuɗa har in ka damƙa a hannu ya tsaya da shatin yatsunka, ruwa kuma bai ɗiga ba. Sannan a cusa a guntun bututun ƙarfe a buga da guduma, ko a zuba a injin da ke murɗa shi ya fito dogo-dogo a yayyanka. Mu muna barin rami a tsakiyar kowane curi, don ya yi saurin bushewa, iska kuma ta ratsa shi a kan wuta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, ballantana a kashe kuɗi wajen taron gano ko yana aiki. Tun 1897 aka yi wa dunƙulen gawayi rajistar ƙirƙira a Amurka, a shekarun 1920 kuma Henry Ford ya mayar da ragowar katakon masana'antar motocinsa gawayin gashi na sayarwa. Wannan salon durom da damun rogo da muke yi, Amy Smith ta jami'ar MIT da ɗalibanta sun yaɗa shi a ƙasar Haiti da tuƙar rake a farkon shekarun 2000. Indonesiya kuwa har waje take fitar da gawayin ƙoƙon kwakwa da aka haɗa da sitacin rogo.

To ga inda gizo ke saƙa. Sitaci abinci ne. Rogon da za a tace a fitar da shi, shi ne dai rogon garin kwaki da alabo. Gaskiya ne Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma mu a Kano yawancin abin da muke amfani da shi daga kudu da jihohin tsakiya ake lodo shi, da kuɗin mota a kansa, kuma duk wanda ya auni kwanon garin kwaki a 2024 ya san yadda farashin rogo ke iya hauka. Lissafin a fili yake. In kilo ɗaya na sitaci ya ninka kilo ɗaya na garin gawayi sau 10 a kuɗi, kai kuma kana zuba kashi 10 cikin 100, to kuɗin abin haɗi kaɗai ya kamo kuɗin gawayin gaba ɗaya. A ɗakin horo ba a jin zafin wannan, don mai shirya taro ne ya sayo sitacin. Sai ranar da wadda aka horar ta shiga kasuwa da kuɗin adashenta.

Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai ta rage sitacin, curin ya fito ba ƙwari, kafin ɗan sahu ya kai shi gidan mai saye rabin buhun ya koma gari. Ko kuma ta cike gurbin da yumɓu. Ɗan yumɓu kaɗan ba laifi ba ne, yana taimaka wa riƙo yana kuma sa wuta ta yi jinkirin ci. Amma yumɓu ba ya ci da wuta, yana da nauyi, kyauta kuma ake ɗebo shi, saboda haka wanda ba ya tsoron Allah yakan zuba fiye da kima. Uwargidan da ta saya ta ga tukunyarta ta ƙi tafasa, ta kwashe tulin jar toka, ba za ta ce gawayin wane ba shi da kyau ba. Cewa za ta yi gawayin zamani yaudara ne, ta kuma gaya wa duk matan layinsu. Mutum ɗaya ya yi algus, ya rufe mana ƙofa mu duka.

Akwai abubuwan da za su iya rage dogaro da sitacin kasuwa, kuma duk a ƙofar gidanmu suke. Akwai ɓawon rogo in an shanya an niƙa. Akwai ƙurar shinkafa da gutsattsarin da ake sharewa a injin casa, da garin da ke zubewa a ƙasan injin niƙa. Akwai cikin ƙwallon mangwaro, wanda ke ɗauke da sitaci mai yawa, muna tattaka shi a titi duk bazara. Akwai ƙaro mara daraja wanda 'yan kasuwa ke warewa gefe, ga shi Jigawa da Yobe da Barno duk suna samar da shi. Hatsin da ƙwari suka lalata ma yana yi, in dai ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari ba ne, don a kansa za a gasa nama. Kowanne cikin waɗannan da irin kamunsa da irin ma'auninsa, mu kuwa lalube muke yi, kowa da abin da hannunsa ya saba.

Roƙona na farko ke nan. Ma'aikatarka ta zauna da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, in ta kama har da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a gwada waɗannan abubuwan haɗi a kan ragowar amfanin gonar da muke da shi a nan. Ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan sun sha rubuta kundin kammala digiri a kan wannan batu, amma da Turanci, a ma'aunin giram, a kan kantar laburare. Abin da muke buƙata takarda ce mai shafi biyu da Hausa, boko da ajami, wadda za ta ce: bokitin fenti kaza na garin totuwa, gwangwani kaza na garin ɓawon rogo, ruwa kaza, a dafa minti kaza.

Magana ta biyu ita ce wannan suna na shara da ake laƙaba wa duk abin da ya rage a gona. A takardun tsare-tsare sai ka ga an lissafa karan dawa da na gero a matsayin abin da ake zubarwa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ba haka ba ne. Da kara ake danga, da shi ake girki, shanu na cin ganyensa, a tace tokarsa a sa a miya. Harawa kuwa sayar da ita ake yi da tsada, musamman gab da babbar salla. Ɗan abin da ya saura a gona, ƙasa ce ke da haƙƙinsa, ga ta da ma ta gaji. Masu mazarƙwaila a Maƙarfi da tuƙar rakensu suke hura wutar dahuwa. Duk shirin da zai sa a riƙa kwashe kara daga gona don yin gawayi, to ya ɗauke daga bakin dabba ne da cikin ƙasa, rigimar manomi da makiyayi kuma ba ta buƙatar ƙarin dalili.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne wanda ke taruwa wuri ɗaya ba mai nemansa sosai: totuwar da ke jibge a Tudun Wada da Doguwa bayan an sussuke masara, ɓawon gyaɗa a wurin injin ɓara, garin katako a 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo, karan auduga, da kuma garin gawayin kansa da ke taruwa a ƙasan rumfunan dillalai. Wannan na ƙarshe ma ba ya buƙatar ƙonawa, tankaɗe ne kawai da haɗi, kuma da shi kamfanin Chardust ya kafu a Nairobi. Sai dai duk waɗannan kaya ne masu cika mota ba nauyi. Wanda ya ɗauko ɗanyar totuwa daga Doguwa zuwa Sharaɗa, iska ya biya wa kuɗin mota. A inda kayan suke ake ƙona su, a ɗauko garin. Don haka in za a kafa wuraren aiki, a kafa su a ƙauyukan da abin yake, ba babbar cibiya ɗaya a birni da za a yanka mata kirtani a gaban 'yan jarida ba.

Ɓuntun shinkafa yana buƙatar magana tasa daban, don shi ne kowa ke fara hangowa in ya bi ta Kura da Bunkure da Garun Malam. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, saboda haka yana da yawa. Amma kusan ɗaya cikin biyar na ɓuntun kansa toka ce, mafi yawanta silika, sinadarin da ke cikin yashi. In an ƙona shi ya zama gawayi, rabon tokar yana ninkuwa. Curin da aka yi da ɓuntu zalla yana kamawa, amma kafin ruwa ya tafasa toka ta lulluɓe garwashin ta toshe ramukan kurfoti, sai wuta ta yi ta barci. Sai an gauraya shi da garin totuwa ko na ɓawon gyaɗa, shi ya zama ƙarami a haɗin. Ba ya kuma ƙonuwa da kyau a durom don yana cushewa. A Filifin da Japan tula shi ake yi a kewaye da bututun hayaƙi mai ramuka a gindi, wuta na ci daga ciki zuwa waje. Sannan ba kyauta ba ne kamar da, manyan injinan shinkafa da shi suke hura tukunyar turara, masu kiwon kaji kuma suna saye don shimfiɗa. A ganina gawayin ɓuntu ya fi amfani a ƙasa fiye da a murhu. Yana riƙe laima yana sassauta ƙasa, wuraren renon itatuwa na ma'aikatarka ma za su iya saye su gauraya a ledar dashe.

Sai shanya, wadda ba wanda ke ambatonta a taro. Sabon curi jiƙe yake sharkaf, kuma sai laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100 kafin ya ci wuta yadda ya kamata. Da rani kwana uku zuwa mako ya isa. Amma da marka, a Yuli da Agusta, sitacin da ke cikinsa yakan yi tsami, fumfuna ta fito masa fari-fari, ya kumbura ya tsattsage. Abin haushin, a daidai lokacin ne gawayi ya fi tsada, don itace ya jiƙe hanyoyin daji kuma sun lalace. Wato lokacin da kasuwa ta fi nemanmu shi ne lokacin da ba ma iya aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a cura da rani a adana, wannan kuwa sai da sito mara yoyo da jarin da zai jure wata huɗu a kwance. In za a taimaka wa mai wannan sana'a da abu ɗaya tak, ni zan zaɓi daɓen siminti da rumfa mai rufin da rana ke ratsawa, da ɗakin ajiya a gefe. Na fifita su a kan injin da aka shigo da shi daga waje, mai neman wutar da ƙauye ba ya samu, wanda in haƙori ɗaya ya karye sai a rufe shi da buhu. Masu walda na Kano suna ƙera injin matsa na hannu da na murɗawa, in ya lalace kuma ga mai gyara a kusa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an yi shi ne don farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kare wadda ta saura. Ban ga abin da zai hana irin waɗannan rumfuna shiga cikinsa ba.

Ranka ya daɗe, akwai kuma gaskiyar da mu masu sana'ar ya kamata mu riƙa faɗa, hukuma kuma ta tilasta mana faɗa. Gawayinmu ba ya saurin kamawa kamar na itace, zafinsa ma bai kai na kirya ba. Maƙeri ba zai narka ƙarfe da shi ba, masu guga kuma suna ƙorafin toka a kan farar shadda. Inda ya yi fice shi ne daɗewa da wuta ɗaya ba hawa ba sauka, ba tartsatsi. Mai dafa wake ko ganda, mai waina, mai shayi, mai gasa masara, da mai ɗumama 'yan tsaki da daddare, su ne mutanensa. Akwai wani abu ƙarami da ke kore mana masu saye. Matanmu sun saba in an gama girki a yayyafa wa garwashi ruwa a ajiye don gobe. Gawayin itace yana jure wannan. Namu kuwa ruwa na taɓa shi sai ya saki ya koma baƙin taɓo. Sai dai a kwashe garwashin a zuba a gwangwani mai murfi a rufe, ya mutu da kansa. In ba a gaya wa mai saye wannan ranar farko ba, ba za a sake ganinta ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tallan da ake yi cewa ba ya hayaƙi. Mutane suna fahimtar cewa ba ya cutarwa ke nan. Duk wani gawayi, na itace ne ko na totuwa, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Da hunturu ana shiga ɗaki da kasko a rufe ƙofa da taga, wanda aka gaya wa gawayinsa ba ya hayaƙi kuwa shi zai fi sakin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ina roƙon a wajabta rubuta gargaɗi da Hausa a jikin kowane buhu da kowace leda: kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Haka kuma a hana cusa leda da roba da garin katako mai fenti ko gam a cikin haɗi, a kuma hana kunna durom a tsakiyar unguwa. Hayaƙin nan mai rawaya da na ambata ba abin da maƙwabci zai shaƙa ba ne, in ba an sa wa durom bututun da ke ƙone shi ba.

Wannan ya kawo mu kan ma'auni. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa tana nan, amma matar da ke cura buhu biyar a mako ba za ta iya bin layinta ba. Abin da zai yi mana aiki shi ne gwaji mai sauƙi a matakin jiha: a auna laima, a ƙona a auna toka, a saki curi daga tsayin ƙirji a kan siminti a ga ko ya tarwatse. Wanda kayansa suka tsallake a ba shi hatimi ya buga a buhu, a kuma riƙa sayen kayansa a kasuwa ba da saninsa ba ana sake gwadawa. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024. Irin wannan hatimi ne zai sauko da ita daga takarda zuwa rumfar mai gawayi.

Dillalan gawayi kuma kada a ɗauke su abokan gaba. Su ke da rumfa a kowane lungu, su suka san wacce ke saye da ƙulli da wanda ke saye da buhu, su ke ba da bashi har ƙarshen wata. In suka ga riba a namu, za su sayar da shi ba sai an roƙe su ba. In aka tsallake su, aka ce za a buɗe shagunan gwamnati, kowa ya san ƙarshen labarin.

Babban mai saye kuwa ita ce gwamnati da kanta. Makarantun kwana na jihar nan da itace suke girki, lodi-lodi ake kai musu. Ba na cewa a juya su gaba ɗaya a rana guda, don murhun duwatsu uku da babbar tukunya bai dace da curi ba, sai an gina murhu mai raga a ƙasa inda toka za ta riƙa zuba. Abin da nake roƙo shi ne ma'aikatarka ta haɗa kai da ta ilimi, a zaɓi makarantu uku ko huɗu da ke kusa da inda ake noman masara, a gyara musu murhu, a ƙulla yarjejeniyar zangon karatu ɗaya da ƙungiyoyin masu curi na yankin. A auna itacen da makarantar ke ci kafin a fara, a auna curin da ta ci bayan an fara, a tambayi masu girkin ra'ayinsu ba a gaban shugaban makaranta ba, a kuma buga sakamakon ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: a riƙa biya cikin mako biyu da kai kaya. Ɗan kwangila mai jari zai iya jiran wata shida, amma wadda ta ci bashin sitaci ba za ta iya ba.

Masara tana shigowa gida ne daga Satumba zuwa Oktoba, totuwa kuma ba ta daɗewa a jibge kafin a cinna mata wuta ko a kwashe ta. In ana so a gwada wannan a kakar da ke tafe, to a fara maganar rumfa da murhu da takardar ma'auni tun kafin a karya masara. Mu masu sana'ar a shirye muke mu kawo durom da turmi da kayanmu duk inda aka kira mu, a gwada a gaban jami'anka.

Allah Ya ƙara wa Kwamishina lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani mai curin gawayi daga yankin Kura